Yadda Ake Neman Aksiyon a Hasken X na Garken Taurarin M82, Daga Kwamfutarka a Yamai

Kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya tsaya a bakin ƙofa bayan darasi ya ce, "Malam, mu da ba mu da madubin hangen nesa, wane bincike za mu iya yi a kan taurari?" Amsata ba ta canzawa: je ka zo da kwamfutarka. Tauraron ɗan'adam mai suna NuSTAR, madubin hangen hasken X na NASA, yana can yana kewaya duniya tun ranar 13 ga Yuni 2012, abin da ya gani kuma yana zube a rumbun NASA kyauta ga duk mai intanet. Na bi aikin neman aksiyon a cikin waɗannan bayanai daga tushe har ƙarshe sau da dama, ni kaɗai da kuma tare da ɗalibai a nan Harobanda, unguwar jami'a a Yamai, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa shi yadda mai farawa zai iya bi.

Aksiyon ƙwayar halitta ce da lissafi ya ce tana iya kasancewa, amma har yau ba wanda ya kama ta. A 1977 Roberto Peccei da Helen Quinn suka kawo wata dabara ta warware matsalar da ta shafi ƙarfin da ke ɗaure cikin ƙwayar zarra. A 1978 Steven Weinberg da Frank Wilczek, kowa a nasa gefen, suka nuna cewa in dabarar gaskiya ce, to lalle akwai wata sabuwar ƙwaya marar nauyi ƙwarai. Wilczek ne ya raɗa mata sunan wani garin sabulun wanki, tun da wanke matsalar ta zo yi.

Abu biyu kawai za ka riƙe game da ita. Na ɗaya, a cikin cibiyar tauraro mai tsananin zafi, ƙwayar haske, wato foton, kan iya rikiɗa ta zama aksiyon idan ta gifta kusa da ƙwaya mai caji. Ana kiran wannan hanyar Primakoff. Da zarar ya samu, aksiyon sai ya fice daga tauraron, ba abin da ke tare shi. Na biyu, in ya ratsa filin maganaɗisu mai faɗi, yana iya komawa haske da ƙarfin da ya fito da shi. Cibiyar manyan taurari zafinta ya kai miliyoyin digiri ɗari biyu a lokacin da suke ƙona heliyom, don haka hasken da zai fito hasken X ne mai ƙarfi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Fatar tauraro ba ta fitar da irinsa. In ka ga ya yi yawa daga inda taurari suka taru, akwai magana.

KAYAN AIKI

Kwamfuta mai Linux. Ubuntu ta wadatar. In Windows gare ka, ka girka WSL a cikinta, yana aiki. Ƙwaƙwalwar aiki giga 8 za ta kai ka, 16 ta fi daɗi. Ka ware wurin ajiya kamar giga 100, ka kuma nemi faifan ajiya na waje, don duk abin da ka sauko da shi da wahala ya kamata ya kwana a wuri biyu.

Manhajoji: HEASoft, wadda cibiyar HEASARC ta NASA ke bayarwa, a cikinta akwai kayan sarrafa bayanan NuSTAR da kuma XSPEC na gwada lissafi da abin da aka gani. Sai CALDB, rumbun ma'aunan na'urar. Sai SAOImage DS9 na kallon hoto. Sai Python tare da numpy, scipy da astropy. Daga baya za ka buƙaci MESA, manhajar kwaikwayon rayuwar tauraro.

Wuta da sanyi. Wannan ba a rubuta shi a littafin jagora na NASA ba, amma a Yamai shi ne rabin aikin. A watan Afrilu da Mayu, in ka bar kwamfutar cinya tana haɗa HEASoft da tsakar rana a ɗaki marar iska, za ta yi zafi ta rage gudu, ko ta kashe kanta. Ka ɗora ta bisa ƴan katakai biyu iska ta ratsa ƙarƙashinta, ka fara manyan ayyuka bayan sallar isha'i, batiri a cike. Mai farantin hasken rana da batirin ajiya ya huta da fargabar ɗaukewar wuta.

Littafin rubutu na takarda. Duk umarnin da ka buga, da ranar, da lambar sigar CALDB, ka rubuta. Bayan wata uku ba za ka tuna ba.

In intanet ɗinka ba ta da ƙarfi, ko kuɗin sayen mega sun yi ƙasa, akwai mafita mai kyau: ka buɗe asusu kyauta a SciServer na Jami'ar Johns Hopkins. A can an riga an girka HEASoft, rumbun HEASARC kuma yana haɗe da shi, kai dai umarni kake aikawa ta burauza, sakamako kaɗai za ka sauko da shi. Ɗalibaina da yawa da shi suka gama aikinsu.

1. ZAƁI GARKEN DA ZA KA BI

Garken taurari nake kiran abin da ake ce wa galaksi. Mai farawa ya ɗauki M82. Tana nisan shekarar tafiyar haske kusan miliyan 12, wato megafasek 3.6, kusa ke nan a ma'aunin sama. Giftawar da maƙwabciyarta M81 ta yi kusa da ita ta tuttura mata iskar gas zuwa tsakiya, sai ta shiga haihuwar taurari da saurin da ya ninka na garkenmu kamar sau goma. Ma'ana cike take da manyan taurari matasa masu zafin ciki, kuma filin maganaɗisunta mai ƙarfi ne. Abin da mai neman aksiyon ke so ke nan, duka biyun a wuri ɗaya.

Akwai kuma wani dalili. A ranar 21 ga Janairu 2014 aka hango fashewar wani tauraro a cikinta, wanda aka sa wa suna SN 2014J, sai NuSTAR ya kafa mata ido na makonni. Wannan dogon kallo yana nan a rumbu, kai ma naka ne.

M87 ita ce zaɓi na biyu, uwar garke a tarin Virgo, wadda aka nuna hoton baƙin raminta a 2019. Ta fi nisa sau huɗu da wani abu, taurarinta galibi tsofaffi ne, amma yawansu da faɗin filin maganaɗisun da ke kewaye da ita suna rama mata. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Wani abu da nake son nuna wa ɗalibai: Yamai tana kan digiri 13.5 arewa, M87 tana kan digiri 12.4 a taswirar sama, don haka a daren Afrilu kusan bisa tsakar kanmu take wucewa. M82 kuwa ba ta wuce digiri 34 sama da gefen arewa. Hasken X ɗinsu dai ba ya isowa ƙasa, iskar duniya ke shanye shi, shi ya sa ƙurar hunturu ba ta shafi aikinmu ba.

2. SAUKO DA BAYANAI

Shiga shafin HEASARC, ka buɗe manemin Xamin, ka rubuta M82, ka zaɓi jadawalin numaster. Za ka ga jerin kallo, kowanne da lamba mai alƙaluma 11 da tsawon lokacinsa a daƙiƙa. Kada ka yi haɗama. Ɗauki guda ɗaya mai tsawo, ka koyi aikin duka a kansa, sannan ka koma ka kwaso saura.

Shafin zai ba ka umarnin wget. Ka ƙara masa -c, don in layi ya yanke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka ajiye babban fayil ɗin a gajeriyar hanya marar tazara a cikin suna, domin kayan HEASoft ba sa jituwa da dogon suna ko mai fili a tsakiya.

3. GIRKA MANHAJA KA TABBATAR TANA GANIN CALDB

Haɗa HEASoft daga tushe yana cin sa'o'i, ka bi takardar girkawa layi bayan layi. Bayan ka kunna HEASoft da CALDB a tagar umarni, buga caldbinfo INST NUSTAR FPM. In ya ce an daidaita, ka wuce. In bai ce ba, kada ka taɓa mataki na gaba, don duk abin da zai fito ɓata lokaci ne. Wanda ba shi da wurin ajiye CALDB zai iya nuna wa manhajar adireshinsa na intanet ta riƙa ɗebowa daga can, sai dai hakan yana son layi marar yankewa.

4. TACE ƊANYEN BAYANI

NuSTAR madubai biyu ne a jere a ƙarshen wani sanda mai tsawon mita 10, kowanne da na'urarsa ta gano haske a ɗaya ƙarshen, FPMA da FPMB, suna ganin haske daga keV 3 zuwa 79 (keV ma'aunin ƙarfin foton ne). Kowane foton da ya faɗo ana rubuta lokacinsa, da inda ya sauka, da ƙarfinsa. Umarnin tacewa, inda LAMBA ke nufin lambar kallon mai alƙaluma 11, shi ne:

nupipeline indir=LAMBA steminputs=nuLAMBA outdir=tace saacalc=3 saamode=optimized tentacle=yes

Kalmomi ukun ƙarshe su ne masu muhimmanci. A kudancin tekun Atlantika akwai yankin da ƙwayoyi masu caji ke saukowa kusa da ƙasa, duk lokacin da tauraron ɗan'adam ya gifta gefensa sai na'urar ta cika da ƙirgen ƙarya. In ka bar umarnin yadda ya zo, ba zai yanke waɗannan lokuta sosai ba. Mai nazarin abu mai haske ƙwarai bai damu ba. Kai da kake neman ɗigo a cikin randa dole ka damu. Za ka yi asarar wani ɓangare na lokacin kallo, ka haƙura da shi. In ka ga hayaniyar ba ta kwanta ba, ka mai da optimized ya zama strict.

Da ya gama, ka nemi fayil biyu masu ƙarewa da A01_cl.evt da B01_cl.evt. Kada ka kunna nupipeline biyu a lokaci guda a kan asusu ɗaya ba tare da ka raba musu wurin ajiye saituna ba, za su taka wa juna ƙafa.

5. KALLI HOTON DA IDONKA

Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma nan ake gane wanda ya san aiki. Na'urar ba ta rubuta ƙarfi a keV kai tsaye, lamba take bayarwa da ake kira PI, kuma ƙarfi daidai yake da PI sau 0.04 a tara da 1.6. Ke nan keV 3 shi ne PI 35, keV 30 shi ne 710, keV 70 shi ne 1710. Buɗe fayil ɗin a DS9 sau biyu. Da farko ka tace daga 35 zuwa 710: za ka ga M82 tana ƙyalli kamar fitila a tsakiya. Sannan ka tace daga 710 zuwa 1710: fitilar ta kusa ɓacewa, sai ɗige-ɗige ko'ina kamar an watsa gero a tabarma. A cikin wannan watsattsen geron za ka yi farautarka.

Ka duba ko akwai wani gefe na hoton da ya fi haske da baki mai lanƙwasa kamar an kifa faranti. Wannan haske ne na wani abu da ke gefe da ƴan digiri, wanda ya sato hanya ya faɗo kan na'urar ba ta cikin madubi ba. In ya taɓa inda M82 take, ka ajiye wannan madubin a wannan kallon, ka yi aiki da ɗayan.

6. RABA TSABA DA ƘAIƘAYI

Nan ne aikin yake. Duk hasken da na'urar ta ƙirga wanda ba daga abin da kake nema ya fito ba, ni da ɗalibaina ƙaiƙayi muke ce masa. Sama da keV 30, kusan duk abin da ke cikin da'irarka ƙaiƙayi ne, kuma iri-iri ne.

Akwai na jikin na'urar kanta. Ƙwayoyin sararin sama suna dukan ƙarfen da ke kewaye da ita, shi kuma ya riƙa fitar da haske a wasu ƙayyadaddun ƙarfi, su ne layukan na'ura. Mafi tsananinsu suna tsakanin keV 22 da 32 ko kusa da haka. Akwai na sararin sama baki ɗaya, wanda ke shigowa ta gefe, kuma ba daidai yake sauka a faɗin na'urar ba, wani gefe ya fi wani. Sannan kowane madubi yana da ɓallayen gano haske guda huɗu, kowanne da nasa halin.

A DS9 ka zana da'ira a kan M82, faɗinta daga tsakiya kamar daƙiƙar kusurwa 60, tun da madubin NuSTAR yana baza rabin hasken ɗigo ɗaya a cikin da'ira mai faɗin daƙiƙa 58 daga gefe zuwa gefe. Ka zana ta biyu, babba, a wurin da ba komai, amma a kan ɓallen da M82 take, nesa da ita gwargwadon iko. Ka adana su a ma'aunin fk5. Ka yi wa FPMA nasa, FPMB nasa, kada ka ara wa ɗaya na ɗaya ba ka duba ba. Daga nan nuproducts zai fitar maka da bakan haske, wato ƙirgen foton a kowane matakin ƙarfi, na M82 da na ƙaiƙayi, tare da fayilolin da ke bayyana yadda madubin ke amsa haske.

Wata shekara wata ɗaliba ta kira ni da dare, muryarta na rawa, ta ce, "Malam, na ga wani tudu." Da safe muka zauna gaban allon, shayi yana hucewa a gefe. Tudun yana nan kuwa, ɗan ƙusumbi kusa da keV 28, a FPMA. Na ce ta buɗe FPMB. Babu shi da wannan girman. Na ce ta nuna mini inda ta zana da'irar ƙaiƙayi. Ashe ta kai ta can kan wani ɓalle daban, don ta ga wurin ya fi tsabta. Da ta mai da ita kan ɓallen da ya dace, tudun ya kwanta. Ba ta yi wauta ba, kowa ya yi aikin nan sai ya gamu da irin wannan tudun, kuma na fi son ɗalibin da zuciyarsa ke bugawa in ya ga abu. Daga ranar dai ta riƙe ƙa'idodi uku da nake so kai ma ka riƙe: abin da bai fito a madubai biyu ba, ba na sama ba ne, abin da ya zauna daidai kan layukan na'ura abin tuhuma ne, abin da ya ɓace don ka matsar da da'ira, da ma can babu shi.

In kana son aiki mai zurfi, akwai manhajar nuskybgd, wadda Daniel Wik da abokan aikinsa suka fito da ita a 2014. Ita tana auna ƙaiƙayi a wurare da yawa na hoton, ta raba shi iri-iri, ta lissafa maka nawa ne ke ƙarƙashin M82 kanta. Tana da wuyar girkawa, amma sakamakon da za a kai gaban masana ya cancanci wahalar.

Saura ƙaiƙayi na ƙarshe, wanda ya fi wayo, don shi daga M82 ɗin yake fitowa. A tsakiyarta akwai maɓuɓɓugan hasken X masu tsananin ƙarfi, manyansu X-1 da X-2, kusa da juna har NuSTAR ba ya iya raba su. A cikin bayanan 2014 ɗin nan ne Matteo Bachetti da abokansa suka gano X-2 tana bugawa duk daƙiƙa 1.37, abin da ya nuna gawar tauraro ce mai juyawa. Haskensu ne fitilar da ka gani, yana raguwa da sauri in ƙarfi ya hau, amma jelarsa tana kaiwa sama da keV 30. Dole ka sa shi a lissafi.

7. LISSAFA ABIN DA AKSIYON ZAI BAYAR IN YANA NAN

Kashi biyu ne. Kashin farko, nawa taurari ke fitarwa. Ƙarfin da hanyar Primakoff ke kwashewa yana hawa kusan kamar zafi a ninka shi da kansa sau bakwai, wato in zafi ya ninka biyu, fitarwa ta haura sau ɗari. Shi ya sa ƴan tsirarun manyan taurari suka fi dubban ƙanana amfani a nan. Rana tamu, mai zafin ciki digiri miliyan 15, aksiyon ɗinta a wajen keV 3 zai taru. Tauraro mai ƙona heliyom nasa yana taruwa a gomomin keV, daidai inda hasken X-1 da X-2 ya yi sanyi.

Da MESA za ka rayar da taurari masu nauyin rana 10, 15, 20, 30, 40, 60, ka adana zafi da cunkoso da sinadaran kowane ɓawo na cikinsu a matakan rayuwa daban-daban. Ka fara da misalan da suka zo tare da manhajar, kada ka ƙirƙiri saitunanka tun ranar farko. Daga nan ka lissafa bakan aksiyon na kowane tauraro, ka auna yawan kowane nauyi da rabon Kroupa na 2001, ka haɗa da tarihin haihuwar taurari na M82, ka tara. In kwamfutarka ba za ta ɗauki wannan ba, rage yawan taurarin zuwa uku ko huɗu ka cike tsakaninsu da lissafi, ko ku raba aikin da abokai, kowa ya rayar da tauraro ɗaya.

Kashi na biyu, nawa ne ke komawa haske. A fili mai ƙarfi B da tsawo L, rabon da ke juyawa shi ne g sau B sau L a raba biyu, a ninka abin da ya fito da kansa. Wannan g ita ce ƙarfin cuɗanyar aksiyon da haske, ita muke farauta. Ga misalin da za ka gwada lissafinka da shi: in g tana 10⁻¹² a ma'aunin GeV⁻¹, B maikrogaus 10, L kilofasek 1 (shekarar tafiyar haske kusan 3,260), g sau B sau L a raba biyu zai ba ka 0.015, rabon juyawa kuwa wajen 2 cikin 10,000. In naka bai fito haka ba, ka ɓata a wajen sauya ma'auni, nan kowa ke tuntuɓe.

Wannan sauƙaƙan lissafi yana aiki ne muddin aksiyon da foton suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Nauyin aksiyon da iskar lantarki da ke kan hanya suna ɓata wannan jituwa. In nauyinsa eV 10⁻¹¹ ne (nauyin ƙwaya ma da ma'aunin ƙarfi ake faɗarsa, keV ɗaya eV 1,000 ne), ƙarfinsa keV 50, za su yi kilofasek guda ba su rabu ba. In ya kai 10⁻¹⁰, tun kafin rubu'in wannan tafiya sun saɓa. Don haka hanyar nan ta aksiyon marasa nauyi ƙwarai ce. Ainihin fili kuma ba miƙaƙƙe ba ne, a murɗe yake, sai ka yanka hanyar gunduwa-gunduwa ka bi lissafin daga wannan zuwa wancan. Manhajar gammaALPs ta Python tana yin haka.

Filin maganaɗisun M82 shi ne inda shakka ta fi yawa a aikin nan, kuma ina roƙonka kada ka ɓoye ta. Orion Ning da Benjamin Safdi na Berkeley, a aikinsu na 2024, sun ɗauko garkuna masu kama da M82 da M87 daga kwaikwayon kwamfuta na IllustrisTNG, suka bi filayensu ta fuskoki da yawa. Bayanan IllustrisTNG a buɗe suke ga wanda ya yi rajista, amma suna da nauyi. In ba za ka iya sauko da su ba, ka gina fili mai sauƙi, ka gwada shi da ƙarfi kaɗan da matsakaici da mai yawa, ka ba da sakamakon mafi rauni a matsayin naka. Ka ƙara da filin garkenmu a ƙarshen tafiya, da taswirar Jansson da Farrar ta 2012.

Abin da zai iso duniya shi ne fitarwar taurari, sau rabon juyawa a kowane ƙarfi, a raba da 4π sau nisa sau nisa. Nisan M82 a santimita 1.1 × 10²⁵ ne. Ka yi lissafin da g guda ɗaya da ka zaɓa, misali 10⁻¹², ka mai da shi jadawalin XSPEC da ftflx2tab.

8. GWADA, KA FITAR DA IYAKA

Ka tara matakan ƙarfi da ftgrouppha yadda kowane mataki na ƙaiƙayi zai sami ƙirge aƙalla uku zuwa biyar. A XSPEC ka loda FPMA da FPMB a matsayin rukuni biyu, kada ka haɗe su fayil ɗaya. Ka zaɓi statistic cstat, domin ƙirgen ya yi kaɗan, lissafin chi zai karkatar da kai. Samfurinka kashi biyu: layin da ke gangarowa na hasken X-1 da X-2, da jadawalin aksiyon, duka a ninka da wata lamba da ka kafe a 1 ga FPMA ka sake ta ga FPMB. In wannan lamba ta kauce wa 1 da fiye da ƴan kaso cikin ɗari, koma mataki na 6.

Kafin ka kalli amsar gaskiya, yi gwaji biyu. Da umarnin fakeit ka ƙirƙiri bayanan ƙarya da ka zuba wa aksiyon da hannunka, ka ga ko lissafinka zai dawo maka da adadin da ka zuba. Sannan ka zana da'ira a wurin da ba komai ka bi da ita duk matakan, ka ga ko zai ba ka sifili. Sai waɗannan biyun sun yi kyau za ka buɗe na M82.

Abin da za ka samu, kusan tabbas, shi ne adadin aksiyon da bai bambanta da sifili ba. Wannan sakamako ne, kuma shi ake bugawa. Umarnin error 2.71 a kan lambar jadawalin zai ba ka iyakar sama da tabbacin kashi 95 cikin 100. Sai ka tuna g ta shiga sau biyu wajen haihuwar aksiyon, sau biyu wajen komawarsa haske, wato hasken yana tafiya da g sau g sau g sau g. Don haka iyakar g ita ce g ɗin da ka zaɓa, sau saiwa ta huɗu ta lambar da XSPEC ya ba ka. In lambar 16 ce, iyakarka 2 × 10⁻¹². Mantuwa da wannan saiwa ita ce kuskuren da na fi gyarawa a takardun ɗalibai.

Saiwar nan tana da daɗi tana da ɗaci. In ka yi kuskuren ninki biyu a yawan taurari, g ba za ta motsa da fiye da kashi 19 cikin 100 ba. Amma in kana son rage iyakar da rabi ta hanyar ƙara lokacin kallo kaɗai, sai ka ninka shi sau 256. Filin maganaɗisu kuwa in ya ninka huɗu, iyakar ta ragu da rabi nan take, ka ga dalilin da na ce a kula da shi.

Ka maimaita lissafin ga nauyin aksiyon daban-daban, daga eV 10⁻¹³ zuwa 10⁻⁹, ka zana g a tsaye, nauyi a kwance. Layin zai miƙe a hagu, ya tashi sama da sauri bayan 10⁻¹⁰. A kan zanen ka sa layuka biyu na awo. Na farko na gwajin CAST a CERN, wanda ya auna rana da babban maganaɗisu, ya ba da 6.6 × 10⁻¹¹ a 2017. Na biyu na Ning da Safdi, waɗanda suka duba tsakanin keV 30 da 70 ba su ga alamar aksiyon ba, suka sa iyaka wajen 6.4 × 10⁻¹³. Da kallo ɗaya da fili mai sauƙi, naka zai faɗo sama da nasu, haka ya kamata. In ya faɗo ƙasa da nasu, kada ka aika wa kowa tukuna: duba sauya ma'auni, duba nisa, duba ko ka ninka lokacin kallo sau biyu.

In kuma wani abu ya ƙi kwanciya bayan duk wannan, ya fito a madubai biyu, ya fito a kallon 2014 da na wasu shekaru, bai zauna kan layin na'ura ba, to ka duba ko yana hawa da sauka tare da hasken X-1 da X-2. Su suna canzawa daga mako zuwa mako, hasken aksiyon na garke guda kuwa ba zai motsa ba a tsawon rayuwarmu. Ka raba bayanan gida biyu, lokacin da M82 ke da haske da lokacin da ta lafa, ka gwada kowanne shi kaɗai, sannan ka kawo littafinka na takarda mu zauna mu bi shi shafi-shafi.